Pak Ƙiftawa da Daƙiƙa Uku

Idan ana lissafin bayin Allah da birnin Semarang ya yi sa'ar samu, to a bar maganar masu jiragen ruwa, a bar likitoci da malaman jami'a, a fara da Pak Koesnadi Tjondrowinoto. Shi ma da kansa haka yake fara lissafin, kuma wa ya fi shi sani? Mutum ne da ilimi ya yi wa yawa har yana zuba. Katin sunansa sai da aka ƙanƙanta rubutun sau biyu kafin muƙaminsa ya shiga: Babban Mai Tsara Hankalin Na'ura da Hangen Gobe. Shekara uku da suka wuce ya je wani taron kwana biyu a Singapore, har yau igiyar shaidar shiga taron tana wuyansa. Ta koɗe ta yi fari fat, amma ba ya cire ta sai zai yi alwala.

A katin ɗan ƙasa dai Kusnadi aka rubuta, sak, kamar na kowa. Amma ina! Mutum irinsa ai ba ya rubuta suna irin na kowa. Sai ya koma rubutun zamanin kakanni, lokacin da ake rubuta u da oe, ake rubuta c da tj, domin a ganinsa tsohon rubutu ƙanshin gidan sarauta yake yi. Mahaifinsa kuwa, Allah ya jiƙansa, faci yake yi a bakin kasuwa, mutumin kirki da bai taɓa damuwa da yadda ake rubuta sunansa ba muddin taya ta riƙe iska.

A ofis ba mai wahalar da harshensa da wannan dogon suna. Pak Ƙiftawa, wato Malam Ƙiftawa, ake ce masa a bayan idonsa, domin ba ya jimla uku bai ce "kafin ƙiftawar ido" ba. Kofi, a kawo masa kafin ƙiftawar ido. Rahoto, kafin ƙiftawar ido. Ranar da ruwan teku ya hau titi ya cinye rabin tayar babura, ya tsaya a taga ya sanar da ma'aikata cewa da shi aka damƙa wa birnin, da ya janye ruwan kafin ƙiftawar ido. Shi kuwa in ya fara jawabi, sai ido ya gaji da ƙiftawa ya rufe gaba ɗaya.

Kamfanin ba wani babba ba ne. Mutum bakwai ne a bene na biyu, saman shagon da ake soya lumpia, wani naɗaɗɗen abin maƙulashe mai kama da samosa, shi ya sa kowace kwamfuta a ofishin take ƙanshin mai da tafarnuwa. Mai kamfanin, Cik Lanny, 'yar kasuwa ce da ta taso a shagon sayar da firinta na mahaifinta. Ba ta san komai ba a rubutun manhaja, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ita dai a wajenta, wanda ya fi ɗaga murya a taro kamar shi ya fi sani. Da wannan mudu aka auna Pak Ƙiftawa ya zama babba.

Wadda ke rubuta manhajar a zahiri tana can kusurwa, kusa da firij. Mbak Wening ke nan, shekararta arba'in da ɗaya, goma sha biyu daga ciki a wannan aiki ta yi su. Mace ce mai ƙarancin magana da yawan shan shayi, mahaifiyarta da 'yarta duk a wuyanta suke. In aka tambaye ta abu, ko da lambar gidansu ce, sai ta ɗan tsaya ta tabbatar kafin ta amsa. Wannan tsayawar Pak Ƙiftawa ya tsane ta fiye da cunkoson motoci.

Aikin da ya haɗa su faɗa na ƙungiyar masu rinin batik ne ta garin Pekalongan. Batik yadi ne da ake buga wa zane da kakin zuma kafin a rina shi. Ƙungiyar tana da hotunan zane-zane sama da dubu arba'in jibge a faifan ajiya guda, wasu an ɗauka da waya jiya-jiya, wasu an kwafo su daga littattafan kakanni. In maƙerin hatimin tagulla da ake buga zanen da shi ya nemi wani zane, sai a kwana biyu ana tono. Shi ne suka nemi a gina musu wakili mai ƙirƙirarriyar basira, irin wanda za ka yi wa magana kamar mutum, ya shiga faifan ya zaƙulo maka fayil. Suka ba kamfanin kwafin faifan, ɗan baƙin abu da bai fi sabulun wanki girma ba. Mbak Wening ta gina wakilin cikin wata huɗu. Pak Ƙiftawa ya raɗa masa suna Gesit, wato mai zafin nama, kuma a ganinsa raɗin sunan ya fi ginin wuya.

Yadda Gesit ke nemo fayil ba wani tsafi ba ne. Kwatance ake ba shi. Akwai alamar tauraro a kan madannai, ma'anarta "ko mene ne". In ka sa tauraro, ka rubuta jlamprang, sunan zanen da mutanen Pekalongan ke ji da shi, ka sake sa tauraro, ka ce masa ke nan: kawo min duk fayil ɗin da ke da jlamprang a sunansa, ko me ya gabace shi, ko me ya biyo baya. Mai soya lumpia ta ƙasa ma in aka nuna mata sau ɗaya ta gane. Amma Pak Ƙiftawa sai da ya tara ma'aikata ranar Litinin ya yi lacca ta awa ɗaya da rabi a kai.

"'Yan'uwa," in ji shi, yana zana tauraro a farin allo har da ƙara masa haske, "kakanninmu da taurari suka ratsa teku. Ni ma da tauraro nake ratsa bayanai. Bambancin kawai, su wata uku suke yi, ni kuwa kafin ƙiftawar ido. Ku buɗe ido ku koya, ba kullum ake samun irina a kusa ba."

Ya zauna, ya gyara igiyar wuya, ya rubuta tauraro, Koesnadi, tauraro, don Gesit ya shiga fayilolin ofis ya zaƙulo takardun yabon da kamfani ya tara a kansa. Gesit ya dawo cikin ladabi ya ce bai sami ko ɗaya ba. Ya sake. Babu. Daga baya can Mas Prapto, mai kula da wayoyi da na'urorin ofis, wanda bakinsa ba shi da birki, ya ce, "Pak, ko dai a gwada da sunan da ke katin ɗan ƙasa?"

Aka gwada Kusnadi. Fayil biyu suka fito ɓaro-ɓaro a babban allo: takardar neman hutu, da takardar likita kan ciwon basir.

Mutum shida suka sunkuyar da kai lokaci guda, kafaɗu na rawa. Mbak Wening ce ta ji tausayinsa ta kawar da zancen. Ta ce irin wannan ce matsalar fayilolin Pekalongan, zane guda ne amma na kakanni an rubuta sunansa mendoeng, na yanzu mendung, kuma tun watan jiya ta shirya kwatancen da ke kama rubutun biyu. Washegari Pak Ƙiftawa ya shaida wa Cik Lanny cewa da gangan ya sadaukar da mutuncinsa a gaban ma'aikata don ya bankaɗo musu matsalar tarihi, kuma alhamdulillahi ya warware ta.

Da a nan abin ya tsaya, da an sha dariya an sha shayi an wuce. Sai maganar kash ta taso.

Tono fayil dubu arba'in aiki ne. Don haka in Gesit ya nemo abu sau ɗaya, sai ya adana amsar a wata 'yar ma'ajiya ta kusa, masu sana'ar suna ce mata kash. In aka sake yi masa wannan tambayar, ba sai ya koma faifai ba, sai ya miƙo ta ajiye. Dabara ce mai kyau, yadda mai lumpia ke soya tuli ta jera a gilashi kafin masu saye su zo. Amma mai lumpia mai tsoron Allah takan taɓa ta ji ko ya huce. Haka Mbak Wening ta koya wa Gesit. Kafin ya miƙo amsar ajiye, ya leƙa faifan tukuna, ya ga ko an ƙara wani abu, ko an goge, ko an sauya. In an taɓa, ya watsar da tsohuwar ya nemo sabuwa. Wannan leƙen daƙiƙa uku yake ci.

Daƙiƙa uku! Pak Ƙiftawa ya auna da agogon wayarsa, ya dafe ƙirji kamar an aiko masa da rasuwa.

"Mbak Wening, kin san abin da ake yi cikin daƙiƙa uku a Singapore? Ƙofar jirgin ƙasa ta buɗe, mutum ɗari sun shiga, ta rufe. Ni na yi wa duniya alkawarin ƙiftawar ido, ke kin zo kin sa min hamma. Na'ura ce muke ginawa ko tsohuwa mai neman tabarau?"

"Masu rini kullum gyara zane suke yi, Pak," in ji ta a hankali. "In ya ba su tsohon, maƙeri zai ƙera hatimi a kan kuskure. Hatimi ɗaya sati uku ake yinsa."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Shekara biyu kacal ya ba ta.

Da hannunsa mai albarka ya kashe leƙen, kuma shi ne layin manhaja na farko da ya taɓa a wannan shekarar. Bai tsaya nan ba. Ya hana ma'ajiyar tsufa, ya ce abin da ya shiga ya shiga har abada. Sannan ya koya wa Gesit ladabi, ya umarce shi ya riƙa buɗe kowace amsa da cewa, "Na duba faifan yanzun nan da kaina."

"Amma ai bai duba ba, Pak."

"Wannan shi ake kira kwantar wa abokin ciniki da hankali. Ba a koya muku a makarantarku ba?"

Da yamma Cik Lanny ta kira Mbak Wening ofis ta turo ƙofa.

"Wening, ni ban san kash ba, ban san tauraro ba. Ga takarda shafi huɗu Pak Koes ya rubuto, wai ke ce birkin kamfani. Ranar Alhamis za mu nuna wa mutanen Pekalongan aikin. In ya tafi daidai yadda ya tsara, ba tare da naki leƙen ba, to ba ni da hujjar sabunta miki kwantiragi a ƙarshen wata. Ki yi haƙuri, wallahi ba don ba na son ki ba."

Mbak Wening ta koma kusurwarta kusa da firij ta zauna. Abin da ya fi ɗaga mata hankali shi ne ta san aikin zai tafi daidai ranar Alhamis. Amsar ajiye ba ta yin tsami rana ɗaya. Sai bayan sati uku ko wata guda, lokacin da maƙeri ya gama hatimin banza, sannan asiri zai tonu, ita kuwa a lokacin tana gida tana cike takardun neman aiki a shekara arba'in da ɗaya. Tsoro ya kama ta ƙwarai, ga takaici. Ta yi tunanin ta faki ido ta mayar da leƙen, amma Pak Ƙiftawa ya sauya kalmar sirrin kwamfutar, ya rungume ta, har bayan gida da ita yake shiga.

Kwana uku ya yi yana atisaye. Duk tambayar da ya hango za a yi, ya yi wa Gesit ita sau goma, har ma'ajiyar ta cika ta batse da amsoshi. Ya gwada murmushi a gilashin taga. Ya sayi sabuwar rigar batik mai dogon hannu, ba tare da ya lura bugun inji ba ce, irin wadda masu rinin hannu ke kawar da kai in sun gani.

Ranar Alhamis suka hau jirgin ƙasa na safe su huɗu, shi da Cik Lanny da Mbak Wening da Mas Prapto. Kafin ƙarfe goma suna zauren ƙungiyar, ƙanshin narkakken kaki na shigowa daga bayan gida inda mata ke buga hatimi. 'Yan kwamiti tara sun jeru a dogon tebur, gaban kowa da shayi mai siga da dafaffiyar gyaɗa. A tsakiya shugabarsu take zaune, Bu Hajah Muslichah, wato Hajiya Muslichah, tsohuwa 'yar shekara saba'in da biyu, ƙarama, shuɗin rini ya kama yatsunta har ya zama nata. Jakarta na kan cinya, tana ɓare gyaɗa ɗaya bayan ɗaya.

Pak Ƙiftawa ya yi jawabin minti arba'in. Ya taɓo Singapore sau bakwai, Mas Prapto ne ya ƙirga. Ya bayyana wa mutanen da suka yi shekara hamsin suna rini mene ne batik. Daga nan ya ɗaga yatsa sama kamar mai shirin yanka kintinkiri, ya ce, "Gesit, jlamprang nawa ne a faifai?"

Ko rufe baki bai yi ba amsa ta faɗo. "Na duba faifan yanzun nan da kaina. Ɗari biyu da goma sha biyu ne." Ƙananan hotuna suka cika allo reras.

Zaure ya ɗauki tafi. Aka nemi mendung, ya kawo na kakanni da na jikoki. Aka nemi wannan, aka nemi wancan, duk kafin ƙiftawar ido, domin duk Pak Ƙiftawa ya riga ya tambaya a Semarang. Cik Lanny sai washe baki take yi. Mbak Wening tana can ƙarshen tebur, shayinta ya huce ba ta taɓa ba, tana jin aikinta na zamewa daga hannunta da kowane tafi.

Bu Hajah kaɗai ce ba ta tafa ba. Ta kaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta.

"Nak Kus," ta ce, wato ɗana Kus, sai da fuskarsa ta motsa jin an datse masa suna. "Abin nan naka akwai sauri, ba ƙarya. Jiya da la'asar na gama wani sabon jlamprang, ga hotonsa a wayata. A zuba min shi a faifan, a sa masa suna jlamprang sabo."

Mas Prapto ya karɓi wayar da hannu biyu, ya zuba. Aka sake tambaya.

"Na duba faifan yanzun nan da kaina. Ɗari biyu da goma sha biyu ne."

"To nawa fa?" in ji Bu Hajah.

Pak Ƙiftawa ko gezau. "Madalla da wannan tambaya, Bu Hajah! Na'urar tana da ɗanɗano. Ba kowane zane take ƙirgawa ba, sai ta tantance ingancinsa tukuna."

Wani dattijo ya ajiye kofinsa a hankali. Matar da aka ce na'ura na tantance ingancin zanenta, rabin zane-zanen da ke faifan daga hannunta suka fito.

"Allah sarki," in ji ta, "ashe ban ci jarrabawa ba. To tunda kwafi ne, a goge min guda goma daga cikin waɗanda suka ci."

Aka goge goma a gaban kowa. Aka tambaya. Ɗari biyu da goma sha biyu, ya duba yanzun nan da kansa.

"Amana ke nan!" Pak Ƙiftawa ya ɗaga murya, gumi ya fara jiƙa masa igiyar wuya. "Mutum yakan goge tarihi, amma Gesit ba ya mantawa da kakanni!"

Bu Hajah ta dafa tebur ta miƙe, gwiwa na ƙara. Ta taka har gaban kwamfutar, ta bi wayar da shuɗin yatsanta har ta kai ga ɗan baƙin faifan.

"Wannan shi ne rumbun?"

"Shi ne, Bu," in ji Mas Prapto, muryarsa na rawa don daɗi.

Ta zare shi, ta jefa a jaka, ta ja zif. Ta koma kujerarta ta ɗora hannu biyu a kan jakar.

"Sake tambayarsa, ɗana."

Karo na farko a tarihin kamfani, Pak Ƙiftawa bai yi sauri ba. Ya duba agogo. Ya ce kamar lokacin azahar ya gabato. Ƙarfe sha ɗaya saura kwata.

"Bari in tambaye shi da kaina," in ji Bu Hajah, "an ce yana jin magana. Kai Gesit, jlamprang nawa ne a faifai?"

"Na duba faifan yanzun nan da kaina. Ɗari biyu da goma sha biyu ne, duk suna nan lafiya."

Wayyo, dariya! Har matan da ke buga hatimi suka leƙo ta taga. Dattijon nan yana share hawaye ya ce, "Bu Hajah, don Allah tambaye shi me kuma ke cikin jakar nan, shekara talatin muna son sani!" Cik Lanny ta rufe fuska da takardar shirin taro. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, amma Pak Ƙiftawa ya ci gaba da haƙa. Ya ce wannan shi ne hangen gobe, na'ura ta haddace faifai kamar yadda mahaddaci ba ya buƙatar buɗe littafi.

"Mahaddaci littafinsa ba ya sauyawa," in ji Bu Hajah. "Nawa kullum sauyawa yake. Na taɓa ɗaukar wani mai tsaron sito, in ka ce akwai shuɗi, ya ce akwai, bai ɗaga ɗuwawu daga kujera ba. Yaro mai ladabi, ga saurin amsa. Ranar da muka jiƙa yadi ɗari muka tarar ba shuɗi, ranar ya koma gidan uwarsa." Ta juya ƙarshen tebur. "Ke 'yata, tun da kuka zo ba ki ce uffan ba, kuma ke kaɗai ce ba ki yi mamaki ba. Yana gyaruwa?"

Mbak Wening ta ɗago kai. Ta dubi Cik Lanny, Cik Lanny ta gyaɗa kai da sauri kamar zai cire.

"Yana gyaruwa, Bu. Sai dai a ba ni kwamfutar."

Pak Ƙiftawa ya turo ta da yatsa biyu yana kallon silin. Minti biyu Mbak Wening ta yi, ta mayar da leƙen, ta cire gaisuwar ƙarya. Ta ce Bu Hajah ta sake tambaya.

Shiru. Ɗaya, biyu, uku. Mbak Wening ba ta taɓa jin daƙiƙa uku masu tsawon waɗannan ba.

"Ban ga faifan ba," in ji Gesit. "Ko an cire shi? Amsar da ke hannuna tsohuwa ce, ba zan ba ku ita a matsayin ta yanzu ba."

"Alhamdulillahi," in ji Bu Hajah, "yau na ji gaskiya daga bakin ƙarfe."

Ta zuge jaka ta fito da faifan, aka maƙala. Daƙiƙa uku, sai amsa: ɗari biyu da uku, ga sabon jlamprang a sahun farko. 'Yan kwamiti suka lissafa da yatsu, an ƙara ɗaya, an cire goma, daidai wa daida. Wannan karon Bu Hajah ce ta fara tafi.

"Cik, mun karɓa," ta ce. "Amma sunan wannan baiwar Allah nake so a takarda, kuma ita za ta riƙa zuwa mana duk wata."

"Ai dama ita ce ginshiƙinmu, Bu Hajah," in ji Cik Lanny ba ko kunya, "yau-yau zan sabunta mata kwantiragi, na shekara biyu ma."

Mbak Wening ta nemi izini ta fita wajen famfo. Ta wanke fuska, ta yi kuka kaɗan, ta yi dariya kaɗan, ta kira mahaifiyarta ta ce kada a dafa komai, za ta taho da abinci daga Pekalongan. Daɗi ya cika ta har ba ta san inda za ta sa kanta ba.

Wani da kunya ta kashe shi a wurin. Amma manya ba sa mutuwa da ƙaramin ciwo. Kafin a gama cin shinkafa da megono, mahaɗin kwakwa da yaji na mutanen garin, Pak Ƙiftawa ya farfaɗo sarai, yana bayyana wa 'yan kwamiti biyu da suka kasa tserewa cewa duk abin nan shi ya tsara. Gwaji ne na zamani, a Singapore haka ake yi, a nuna wa abokin ciniki cuta sannan a nuna masa magani. Daƙiƙa ukun nan ma, in ji shi, ya daɗe yana nazarinsu, yana ma tunanin rubuta littafi.

Yana cikin wannan aka fito rakiya bakin ƙofa, inda takalma suke jere. Bu Hajah ta fito da wata jakar takarda mai tambarin ƙungiya, an naɗe bakinta, ta miƙa masa tana faɗin wata magana da bai ji ba, saboda a lokacin shi ma magana yake yi. Ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya yi gyaran murya.

"Bu Hajah, 'yan kwamiti masu daraja, wannan karamci ya fi ƙarfin bakina. Ni da na san batik, ba sai na buɗe ba. Daga nauyinsa kaɗai na gane aikin hannu ne, rinin asali, ba ya kasa wata uku a hannun gwana. Ku ji ƙanshi! Irin wannan ba a sa shi sai ranar babban taro. Na yi muku alkawari, duk ranar da aka gayyace ni Singapore, shi zan sa a jikina, duniya ta gani."

Bu Hajah ta gama zura ƙafa a takalmi, ta ɗago, ta miƙa hannu.

"Riƙe min na ce, ɗana, in sa takalmi. Labulen bayi ne, mai wanki zan kai wa."

Ta karɓi jakarta ta rataya. Sannan ta kamo hannun Mbak Wening, ta ɗan rage murya, amma ba yadda kowa ba zai ji ba.

"'Yata, daƙiƙa ukun nan da kika sa wa na'ura, in akwai saura, shi ma ki sa masa."